Fanke da Cincin Ba Fulawa, Ba Madara

Fanke ba wani abu ba ne illa fulawa da yis da sukari da ruwan ɗumi. Duk yarinyar da ta tashi a gidan da ake hura wuta ta iya shi ba tare da an zaunar da ita an koya mata ba: a kwaɓa, a buga, a rufe, ya tashi, a ɗebo da hannu a matso cikin mai. Sai ranar da aka ce ki yi shi ba fulawa za ki gane cewa aikin da kike zaton hannunki ne yake yi, ashe fulawar ce take yin sa.

Lalurar 'yata ta biyu ce ta kai ni ga wannan aiki. Tun bayan yaye cikinta bai zauna lafiya ba. Yau kumburi, gobe zawo, ga rama, sa'o'inta suna ta wuce ta a tsayi. Duk wanda ya gan ta da sunan da zai sa wa ciwon: wannan ya ce shawara, waccan ta ce basir, wani ya ce tsutsar ciki ce a ba ta magani. Daga ƙarshe wata likitar yara a asibitin koyarwa ta sa aka yi gwajin jini, bayansa aka zura 'yar kyamara ta baki aka ɗebo ɗan yankin hanji aka duba. Sakamako ya nuna cutar siliyak.

Bayanin da ta yi mana shi ne, a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, akwai furotin mai suna gulutin. Yawancin mutane suna cin sa lafiya lau. Mai siliyak kuwa, da ya shiga cikinsa sai garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa bangon ƙaramin hanji, ta shafe 'yan tsirgogin da ke tsotse amfanin abinci. Yaro yana ci, abincin yana wucewa. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, alkama kam ta yi sallama da ita har abada, babu allura babu ƙwaya. Madara kuma ki ɗaga mata ƙafa tukuna, sai hanjin ya warke mu gani." Dalilin madarar shi ne sinadarin da ke narkar da sukarin cikinta a kan waɗannan tsirgogi yake zaune, in sun lalace shi ma ya yi ƙaranci, amma sau da yawa yakan dawo idan hanji ya farfaɗo. Bari in sako wani abu a nan don masu zargin irin wannan ciwo a 'ya'yansu: kada a janye alkama kafin a yi gwaji. Gwajin jinin shaidar faɗan da jiki yake yi da gulutin yake nema. In an daina ci shaidar takan ɓace, sakamako ya fito fes alhali ciwon yana nan.

Uwar mijina, Allah Ya ƙara mata lafiya, ba ta ja da likita ba, amma ta kawo tata shawarar. "To a ba ta alkamar gida mana, irin ta Kadawa ko ta Haɗeja. Ai fulawar kamfani ce ake zuba wa magani." Na ce, "Hajiya, ba maganin ba ne, ita ƙwayar alkamar ce." Alkamar da ake funkasau da alkaki da ita da fulawar buhu, duk gulutin ɗaya ne a cikinsu. Wani ɗan'uwa kuma ya ce a nemo mata burodin rogo, tunda ya ji ana maganarsa a rediyo tun zamanin Obasanjo, aka kuma sake tayar da ita lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma. Shi ma bai san cewa garin rogon ɗan kaso ne kawai ake surka wa fulawa ba, kashi 10 cikin 100 a dokar farko, sauran duk alkama ce.

Maganar da na fi ji ita ce, "Wannan ai cutar Turawa ce." Gaskiya Bature ne ya fara kama alkama dumu-dumu. Wani likitan yara ɗan Holand, Willem Dicke, ya lura a yunwar da aka yi a ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945 cewa yaran da ke fama da wannan ciwo sun samu sauƙi da burodi ya yanke, da ya dawo kuma ciwonsu ya dawo. Amma ciwon bai san launin fata ba. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a nan Afirka aka same shi, a wani bincike da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, mazauna sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda aka samu kashi 5.6 cikin 100.

Abincin yau da kullum bai ba ni wahala ba, don tuwon Bahaushe na dawa ne da gero da masara da shinkafa, babu gulutin a ko ɗaya. Ga acca, ga doya, ga dankali, ga rogo, ga wake. Abin da ya fita shi ne burodi da taliya da makaroni da semo da kuskus da lemon malt, sai kuma kusan duk wani abin marmari da ake soyawa: fanke, cincin, dubulan, alkaki, funkasau. Ƙosai yana nan, ƙosan rogo da 'yar tsala ma haka. Amma yarinyar da take ganin 'yan ajinsu sun yi layi a ƙofar makaranta wajen mai fanke ba ƙosai take tambaya ba. Ga Sallah, kowane gida aka shiga cincin ake miƙo wa yara.

Na fara da hanyar da kowa yake farawa da ita, wato garin da ake shigowa da shi daga waje, wanda ake samu a manyan kantuna an rubuta masa ba shi da gulutin. Yana aiki, sai dai kuɗin ɗan kwali ɗaya zai sayi shinkafar gida ta kwanaki. Amfanin da ya yi mini shi ne rubutun bayansa. Da na karanta, sai ga garin shinkafa, sitacin dankalin Turawa, sitacin rogo, da wani ɗan ƙaro da ake kira zantan. Shinkafa da rogo! Mu da babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya, an ɗauki abinmu an sa a kwali an dawo mana da shi.

Garin shinkafa shi kaɗai ba ya yin fanke. Idan aka kwaɓa shi da yis yana tashi, har ya yi kumfa mai ban sha'awa a roba, amma da an ɗebo sai ya sace. A cikin mai ko dai ya watse ya zama tsaki-tsaki, ko ya fito a dunƙule da tauri, ya sha mai, cikinsa yana gurus-gurus a haƙori. A nan ne na tsaya na fahimci abin da gulutin yake yi. Idan fulawa ta haɗu da ruwa aka buga ta, furotin ɗinta guda biyu suna sarƙewa su zama wani abu mai danƙo mai miƙewa. Yis yana cin sukari yana fitar da iska, wannan danƙon kuma yana riƙe iskar kamar balan-balan ɗin yara, yana buɗewa bai fashe ba, har zafin mai ya zo ya ƙame shi a yadda yake. Shi ya sa ake bugun ƙullun fanke, shi ya sa yake bin hannu yana tsinkewa da ƙyar. Garin shinkafa ba shi da wannan. Yis ya yi aikinsa, iskar ce ba ta samu mai riƙe ta ba. Ashe tambayar ba wane gari zai maye fulawa ba ce, tambayar ita ce me zai riƙe iska.

Amsar tana gidan gwaggona, wadda ta shekara da shekaru tana waina a zauren gidansu. Waina shinkafa ce zalla, amma tana tashi, tana yin ido-ido a ciki, tana laushi. Na je na same ta da asuba tana gaban tanda, na faɗa mata abin da nake ciki. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ke 'yar nan, ɗanyen gari kika kwaɓa? Wa ya ce miki ɗanyar shinkafa tana riƙe kanta? Sai da dafaffiya a ciki." Na ce, "Gwaggo, ai na ɗauka don auki ake sa dafaffiyar." Ta yi dariya ta ce in gwada yin waina ba ita in gani.

Duk mai waina ta san wannan. Ana jiƙa shinkafar tuwo, a ɗebi wani kaso a dafa shi luguf, a haɗa da jiƙaƙƙiyar a kai markaɗe. Wasu talge suke yi su zuba a ƙullun. Abin da ke faruwa shi ne sitacin da ya dahu ya riga ya kumbura ya sha ruwa ya yi kauri, sai ya kama ɗanyen garin ya hana shi kwanciya a ƙasa, ya kuma tsare iskar yis. Abu na biyu da na ɗauko a wajenta shi ne markaɗe. Shinkafar da aka jiƙa aka markaɗa da ruwa ta fi wadda aka niƙa a bushe laushi nesa ba kusa ba, kuma wannan gurus-gurus ɗin daga busasshen niƙa yake zuwa. Sharaɗi ɗaya: shinkafar tuwo, ba wadda aka yi wa gumi ba.

Sai dai ƙullun waina tanda ce take riƙe shi. In aka zuba shi a mai mai zurfi babu bangon da zai jingina da shi. Yana buƙatar ya ƙara jiki, ya kuma samu ɗan danƙo. A nan rogo ya shigo. Sitacin rogo idan ya ji zafi yakan yi danƙo mai miƙewa, kuma shi ne ya fi kusa da irin taunar da fulawa take bayarwa. Sitacin ci nake nufi, wanda ake sayarwa don girki, ba na wanki ba, don na wanki babu wanda ya yi alkawarin tsaftarsa. Garin alabo ma na gwada. Yana kamawa, amma warin tsiminsa yana biyo fanken, launinsa kuma yana dusashewa. Ɗanyen rogo kuwa kada a kuskura a markaɗa a zuba kai tsaye, musamman mai ɗaci, don yana da guba da sai an jiƙa an tsima an shanya take fita.

Saura abu ɗaya. Sitaci sai ya ji wuta yake danƙo, ni kuma ina son abin da zai riƙe iska tun ƙullu yana cikin roba yana tashi. Aikin da zantan yake yi ke nan a garin kwali. Wasu suna amfani da ɓawon wani iri da ake nomawa a Indiya, wanda masu kantin magani suke sayarwa don taurin bayan gida, kuma yana aiki sosai. Amma mu ai ba mu rasa yauƙi a gida ba. Mai ɗanwake kuka take zubawa ya kama jikinsa. Kukar ta yi aiki a fanke, sai dai ta mayar da shi kore, ga ɗanɗanon miya, babu yaron da zai karɓa. Karkashi ma bai wuce wannan matsalar ba. Ɗanyar kuɓewa ce ta fisshe ni. Ina yanka guda biyar ko shida ƙanana-ƙanana, in zuba a ruwan ɗumi, in bar su su saki yauƙinsu, in tace da rariya ina dannawa da cokali. Ruwan yana fitowa garau, ba launi, ba wani ɗanɗano da zai tsira bayan sukari da gyaɗar ƙamshi sun shiga. A gidanmu har yau akwai waɗanda ba su san da kuɓewa a fanken ba, ni kuma ban ga dalilin sanar da su ba.

Ga yadda aikin ya zauna a hannuna, da ma'aunin ƙaramin gwangwani. Ina wanke shinkafar tuwo gwangwani 2 in jiƙa ta kwana. Da safe in dafa wani rabin gwangwanin daban har ya yi luguf, in bar shi ya huce. In tsane jiƙaƙƙiyar sosai, in haɗa da dafaffiyar, in markaɗa a bilenda da ruwan kuɓewa kamar gwangwani 1. Kaɗan-kaɗan nake zubawa, don bilenda tana son ruwa, ƙullun kuma ba ya so, sai an yi haƙuri ana tsayawa ana juyawa. In na murza a yatsa na ji babu tsaki, sai in juye a roba in zuba sitacin rogo gwangwani 1, sukari rabin gwangwani ko ya ɗan ɗara, gishiri kaɗan, ƙwai 1, gyaɗar ƙamshi, da yis cokalin shayi 2 da na riga na jiƙa a ruwan ɗumi. Ɗumin da yatsa zai zauna a ciki ba tare da an janye ba nake nufi, don ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi. Kaurin da nake nema shi ne in na ɗaga cokali ƙullun ya tsaya jim kaɗan sannan ya faɗo a dunƙule. In ya zuba, ya yi ruwa, sai in ƙara sitaci ko busasshen garin shinkafa.

Bugu ba shi da amfani a nan, tunda babu gulutin da za a tayar. Juyawa ce kawai har komai ya haɗe. Ina rufewa in ajiye a wuri mai ɗumi. Lokacin zafi minti 45 ya isa, a hunturu sai ya fi awa, sai na kai shi rana. Ba a barin sa ya kwana irin na waina, in ya kwana yakan saki ya yi tsami. Kuma da ya tashi ba a sake taɓa shi da muciya. Ƙullun fulawa in an buge shi ya sace zai sake tasowa, wannan kuwa abin da ya riƙe shi ke nan, in ya kuɓuce ya tafi. Daga gefen roba nake ɗiba a hankali.

Matsowa da hannu irin na masu fanke ba ta yiwuwa, don ƙullun ba ya tsinkewa yadda aka saba. Cokali biyu nake amfani da su, ɗaya ya ɗebo, ɗaya ya ture, ina tsoma su a mai tsakani don kada ya manne. Ƙanana nake yi, waɗanda ba su kai girman ƙwai ba, saboda manya bayansu yana soyuwa cikinsu yana nan ɗanye da danƙo. Zafin mai tsakanin digiri 170 da 180 ake so. Mai ma'aunin zafi ta huta, wadda ba ta da shi ta ɗiga ɗan ƙullu: in ya nutse ya taso nan da nan yana kumfa a hankali, mai ya yi. In ya zauna a ƙasa bai yi ba, in ya yi ja tun bai taso ba a rage wuta. Man gyaɗa na fi so, kuma mai yawa, yadda fanken zai yi iyo. Ba ya juya kansa kamar na fulawa, sai an bi shi da matsami. Ba ya kuma yin ja sosai, don haka wadda ta tsaya jiran launin da ta saba gani za ta busar da shi. Da ya yi ruwan zuma mai haske nake kwashewa.

Akwai haɗari ɗaya da ya kamata a sani. Ƙullun da sitacin rogo ya yi wa yawa yana iya fashewa a cikin mai. Bayansa yakan ƙame da wuri ya toshe, tururi ya taru a ciki ya rasa hanya, sai ki ji fau, mai ya fallatsu. Yawan sitaci da yawan wuta ne suke jawo shi. Shi ya sa ba na barin sitacin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na garin, ba na kuma barin yara kusa da kasko.

Me yake fitowa? Ba zan ce fanken fulawa ne sak ba. Bayansa ya fi ƙaras-ƙaras, cikinsa fari ne mai ido-ido, yana da 'yar tauna, kuma duk wanda ya san waina zai ji ƙamshinta can ƙasa-ƙasa. Da zafinsa, ni a bakina ya fi na fulawa, kuma yaran gidan da ba su da lalurar komai su ne suke fara cinye shi. Rauninsa ajiya. Sitacin shinkafa in ya huce yakan koma ya ƙanƙame, zuwa washegari fanken ya yi tauri, a firji ma ya fi saurin yi. Maganinsa turarawa: 'yan mintuna a madambaci sai ya dawo da laushinsa. Ayaba ma tana taimakawa. Mutanen Saliyo suna soya wani abu da garin shinkafa da nunanniyar ayaba, babu fulawa ko kaɗan, daga nan na ɗauko dabarar dama ayaba ɗaya da ta nuna luguf in zuba a ƙullun in rage sukari. Yana ƙara masa ja, yana kuma kai shi yamma da laushinsa, wanda shi ne abin da nake buƙata don kwanon makaranta.

A fanke rashin madara ba komai ba ne, don da ma na bakin titi babu ita. A cincin ne take da muhimmanci, ita da bota. Madarar waken suya tana yi in an dafa ta sosai warin wake ya fita. Ta aya tana da zaƙi da ƙamshi, sai dai saurin tsami, sai a tace a yi aiki da ita a take. Wadda na tsaya a kanta ita ce ta kwakwa: a goge kwakwa, a zuba ruwan zafi, a matse a ƙyalle. A madadin bota kuma man kwakwa, wanda yake daskarewa in sanyi ya yi ƙasa da digiri 24, don haka a hunturu har murza shi ake yi a gari kamar bota. Botar gwangwani da ake cewa ta man tsirrai ce, da yawa akwai ɓurɓushin madara a ciki, sai an karanta. Haka madarar gari mai arha da ake aunawa a kasuwa: kitsenta ne kawai na tsirrai, sauran madarar shanu ce.

Cincin ya fi fanke sauƙi ta wani gefen, tunda ba iska ake so ya riƙe ba, ƙaras ake so ya yi. Wahalarsa wajen murzawa ce, don kwaɓin garin shinkafa tsagewa yake yi. Nan ma dabarar Gwaggo ce ta yi aiki, wato a dafa wani kaso. Busasshen gari ake buƙata, kuma a gida nake yin sa yadda ake yin na nakiya: a jiƙa shinkafa, a tsane, a baza ta sha iska, a daka tun da sauran danshi, a tankaɗe da rariya mai laushi, a shanya. Ina auna garin gwangwani 3 da sitaci gwangwani 1. Sai in tafasa madarar kwakwa kamar gwangwani 1 da man kwakwa babban cokali 4 da sukari gwangwani 1, in kwarara a kan sitacin da gwangwani ɗaya na garin, in tuƙa da sauri har ya kama. In ya huce in fasa ƙwai 2, in zuba sauran garin da gishiri da gyaɗar ƙamshi da bekin hoda rabin cokalin shayi, in murza ya haɗe, in rufe ya huta rabin awa. Tsakanin leda biyu nake murza shi da kwalba, don barbaɗa gari yana ƙara busar da shi. A yanka ƙanana kuma kada ya yi kauri, a soya a wutar da ba ta kai ta fanke ba, a ba shi lokaci ya bushe har ciki. Shi kam yana ajiyuwa. In ya huce sarai aka rufe a kwalba zai yi makonni.

Abin da ya fi girkin kansa cin rai shi ne tsare shi daga alkamar da ba a gani. Ƙa'idar hukumar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa, ita ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Wannan bai kai abin da yake maƙalewa a rariya ba. Injin unguwa shi ne babbar ƙofa, don wanda ya niƙa alkamar wata da safe shi zai markaɗa shinkafarki da hantsi. Na taɓa roƙon mai injinmu ya wanke kafin ya zuba nawa, ya ce, "Hajiya, ai na ɗauraye," ya watsa ruwa kofi ɗaya ya kunna. Ba laifinsa ba ne, a sana'arsa wannan shi ne wanki. Tun daga nan bilenda da turmi suka zama injina. Rariyar 'yata daban, muciyarta daban, robar kwaɓinta daban, man da aka soya abin fulawa a ciki kuma ba ya komawa kan nata. A waje ma sai an yi tambaya ko da abin ba na alkama ba ne. Masu ƙosai da yawa a kasko ɗaya suke soya ƙosai da fanke. Ɗanwake ma sau da yawa da fulawa ake yi. Wasu masu waina suna ɗan barbaɗa fulawa don ƙullu ya kama. Ɗunkulen ɗanɗano da bekin hoda ma sai an juya bayan kwali an duba.

Dubulan na samu ya yi da kwaɓin cincin in an ƙara masa ƙwai, sai dai ba ya jure nannaɗewa mai yawa, siffarsa mai sauƙi nake yi in tsoma a ruwan sukari da lemon tsami. Alkaki kuwa na haƙura da shi. Tsakin alkama shi ne jikinsa, na gwada da acca na gwada da tsakin shinkafa, abin da ya fito yana da daɗi amma ba alkaki ba ne, bai kamata a ba shi sunan ba. In za mu biki ko suna, nakiya nake yi mata a gida da man gyaɗa maimakon man shanu, in haɗa da cincin ɗinta a jaka, in kuma ja uwar biki gefe tun muna shiga in ce, "Yaya, don Allah duk abin da za a ba yarinyar nan a fara nuna mini."